Yadda Ake Shirya Jawabi a Taron Shugabannin Harkar Fasaha da Al'adu

Tun da taruka kan harkar fasaha da al'adu suka yawaita a nan Kaduna, musamman daga shekarar 2017 da aka soma bikin littattafai da fasahohi na KABAFEST, masu karatu ba su daina aiko mini da tambaya iri ɗaya ba: an gayyace ni in yi jawabi a gaban shugabannin ƙungiyoyin marubuta da 'yan fim da masu zane da jami'an gwamnati, ta ina zan fara? Mafi yawan masu tambayar sun saba magana a bainar jama'a, domin akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, akwai kuma waɗanda suka daɗe suna jan ragamar ƙungiya. Abin da ke sa su fargaba shi ne mutanen da za su zauna a layin gaba, wato masu sa hannu a kan kasafin kuɗi da masu yanke shawarar wanda za a tallafa wa. Ga matakan a jere yadda na saba bin su, bisa ɗaukar cewa akwai aƙalla mako huɗu tsakanin zuwan gayyata da ranar taro.

1. Kafin ka amsa gayyata

Kada ɗokin ganin sunanka a takarda ya sa ka amsa nan take. Ka tuntuɓi masu shirya taron ka nemi amsar abubuwa shida: minti nawa aka ware maka, wane irin zama ne, babban jawabi ne ko maƙala ko kuwa tattaunawa ta mutum huɗu ko biyar a kan dandamali ɗaya, su wa za su yi magana kafin kai da bayanka, kuma a kan me, da wane harshe za a gudanar da zaman, shin za a ɗauki bidiyo ko a watsa kai tsaye a Facebook ko YouTube, sannan wa zai ɗauki nauyin mota da masauki. Amsar tambaya ta biyu ita ce ke sauya shiri baki ɗaya, saboda wanda aka sa a zaman tattaunawa ba ya bukatar rubutaccen jawabi, abin da yake bukata shi ne gajerun amsoshi uku ko huɗu da ya riƙe a ka, kowace ba ta wuce minti biyu ba.

Gargaɗi: duk abin da aka faɗa maka ta waya, ka nemi a maimaita shi a rubuce, ko ta imel ko ta WhatsApp. Wanda ya yi maka alkawarin minti ashirin da masauki yau, mai yiwuwa ba shi ne zai tarbe ka a ƙofar zaure ba.

A wannan matakin ne kuma za a nemi taƙaitaccen bayanin jawabinka da ɗan tarihinka. Ka tsayar da tarihin a layi biyar. Mai gabatarwa yakan karanta duk abin da aka miƙa masa, daga makarantar firamare har zuwa kwas na ƙarshe da ka halarta, kuma daga lokacinka ake cire waɗannan mintocin.

2. San waɗanda za su saurare ka

Ka nemi jerin mahalarta, ko aƙalla jerin ƙungiyoyi da hukumomin da aka gayyata. A irin wannan taro a Kaduna yawanci za ka tarar da rukuni huɗu: jami'an gwamnati, ko na jiha ko na hukumomin tarayya irin su Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, shugabannin ƙungiyoyin sana'a irin su ANA ta marubuta da MOPPAN ta masu shirya fim, malaman jami'a, galibi daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna, sai wakilan masu ba da tallafi da kamfanoni. Ba za ka iya gamsar da su duka a minti goma sha biyar ba, don haka ka zaɓi rukuni ɗaya wanda yake da ikon aiwatar da abin da za ka nema, ka gina maganarka dominsa, sauran su saurara a matsayin shaidu.

3. Tsayar da magana guda

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu jawabi suke ɓata rawarsu da tsalle. Ka ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya wadda ta ƙunshi abin da kake so a yi bayan an tashi daga taro, da wanda zai yi shi. Idan jimlar ta gagara rubutuwa, jawabin bai nuna ba tukuna, kuma buɗe kwamfuta a wannan hali ɓata lokaci ne. "Ya kamata gwamnati ta tallafa wa harkar fasaha" ba jimla ba ce a wannan ma'anar, domin babu wanda ke zauren da bai ji ta sau ɗari ba, kuma babu wanda za a iya kamawa da laifin ƙin aiwatar da ita. Amma idan ka ce, alal misali, kana neman a buɗe ɗakin taro na ɗakin karatu ga ƙungiyoyin marubuta kyauta rana ɗaya a wata, ko kuwa kana neman ƙungiyoyin sana'a su haɗu su fitar da takardar yarjejeniya iri ɗaya wadda mawaƙi zai sa wa hannu kafin a sa waƙarsa a fim, to ka kawo abin da mutum zai iya cewa "e" ko "a'a" a kansa.

Maganar kuma ta fito daga aikin da hannunka ya taɓa, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Jawabi mafi tasiri da na taɓa gani a irin wannan zama wata baiwar Allah ce ta yi shi, shugabar wata ƙungiyar mata masu ɗinkin hula. Ba ta zo da majigi ba. Ta hau dandamali da hula ɗaya a hannu da wani tsohon littafin lissafi mai bangon kwali, ta ɗaga hular ta faɗi kwanakin da aka yi ana ɗinkinta, ta buɗe littafin ta karanta kuɗin zare da na yadi da na wanki da bugu, ta faɗi abin da dillali ya biya, sannan ta faɗi farashin da ta ga an sa wa irin hular a wani shago a cikin gari. Daga nan ta yi shiru na ɗan lokaci, ta bar jama'a suka yi lissafin da kansu. Bukatarta ɗaya ce: a ba ƙungiyarsu rumfa a wurin baje koli ba tare da an bi ta hannun dillali ba. Farfesoshi biyu sun yi magana kafin ita, amma a lokacin tambayoyi kusan duk hannun da aka ɗaga ita ake nema.

Gargaɗi: ka guji buɗe jawabi da tarihi. A Kaduna kusan kowane mai magana yana jin wajibi ne ya faro daga gumakan yumɓu na Nok, ya biyo ta ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya ta 1958, ya sauka a hawan dabar da aka yi a garin nan lokacin bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, a 1977. Duk gaskiya ne, abin alfahari ne kuma, sai dai mutanen da ke gabanka sun san su, wasunsu ma su ke koyar da su. Idan ɗaya daga cikinsu ya shafi bukatarka kai tsaye, ka ambace shi a jimla ɗaya ka wuce.

4. Tattara hujja ka tantance ta

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta cikin littafin ƙungiyarku: yawan membobi masu biyan kuɗin wata, yawan kwafin da aka buga da wanda aka sayar, yawan waɗanda suka sayi tikiti, abin da aka kashe a hayar zaure. Lambobi uku na gaskiya daga aikinka sun fi lambobi goma da ka kwaso a intanet ba ka san asalinsu ba. Idan dole ne ka kawo adadi daga waje, ka tabbatar ka san hukumar da ta fitar da shi da shekarar da ta fitar, domin a zauren akwai wanda zai tambaya.

Haka nan ka duba sunayen dokoki da na ofisoshi, saboda suna sauyawa. Dokar haƙƙin mallaka da ke aiki yanzu ita ce ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga 1988, kuma har yanzu ana samun masu jawabi da ke kafa hujja da tsohuwar a gaban jami'an da ke aiki da sabuwar. Ma'aikatar tarayya mai kula da fasaha da al'adu da tattalin arziƙin ƙirƙira an kafa ta a 2023, sannan a 2024 aka haɗe ta da ta yawon buɗe ido. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa ya sa mai sauraro ya fara shakkar sauran maganarka.

5. Rubutu, gaisuwa da auna lokaci

Ka rubuta jawabin gaba ɗaya, ko da ba za ka karanta shi kalma bayan kalma ba, domin rubutu ne ke tona inda tunani ya yi rami. Tsarin da na fi amincewa da shi ga minti goma sha biyar shi ne: minti ɗaya na gaisuwa, minti uku na labarin abin da ka gani da idonka, minti shida na hujja da bayanin dalilin matsalar, minti uku na bukata da yadda za a aiwatar da ita, sauran biyun kuma ka bar su a matsayin rara, saboda ba a taɓa ba mutum cikakken lokacinsa a taron da aka fara a makare.

Gaisuwa ita ce ɓarauniyar lokaci a tarukanmu, kuma ni kaina ta taɓa cin amanata. A wani zaure a garin nan an ba ni minti goma sha biyar, na tashi na bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da muƙamansu da sarautunsu, har da wakilan waɗanda ba su zo ba. Ban kai ga shafi na uku ba sai ga wata 'yar takarda daga shugaban zama an ajiye mini a gefen makirufo, an rubuta "saura minti biyu". Bukatar da na kwana uku ina tsarawa tana shafi na shida, haka na tattara takarduna na sauka ba tare da kowa ya ji ta ba. Tun daga ranar na tsayar wa kaina ƙa'ida: in gai da shugaban zama, in gai da mafi girman basarake da mafi girman jami'in gwamnati da ke wurin, sannan in ce "da sauran manyan baƙi, iyayena da 'yan'uwana, kowa da girman da Allah ya ba shi". Babu wanda ya taɓa ƙorafi.

Gargaɗi: waɗanda za ka ambata, ka ambace su daidai. Jihar nan tana da masarautu da yawa kuma kowace da laƙabinta, akwai Mai Martaba Sarkin Zazzau, akwai Agwatyap, akwai Kpop Ham, akwai Agwam Bajju. Ka tambayi mai gabatarwa tun kafin a zauna yadda ake furta laƙabin da ba ka saba da shi ba, ka kuma tabbatar ko basaraken ne da kansa ya zo ko wakili ya turo.

Kada kuma ka ajiye bukatarka sai ƙarshe kaɗai. Ka faɗe ta a taƙaice cikin minti uku na farko, sannan ka dawo mata dalla-dalla daga baya, ta yadda ko an katse ka a tsakiya saƙon ya riga ya isa.

6. Batun harshe

Zauren taro a Kaduna ba na Hausawa zalla ba ne, kuma ko cikin masu jin Hausa akwai waɗanda kalmomin lissafi da na shari'a suka fi zama musu a Turanci. Idan da Hausa za ka yi jawabi, ka shirya shafi ɗaya na Turanci mai ɗauke da bukatarka da lambobinka don rabawa, idan da Turanci ne ka yi akasin haka. Idan akwai tafinta, ka ba shi rubutunka kwana biyu kafin taro, ka kuma rage tsawon jawabin da kusan rabi, domin kowace jimla sau biyu za a faɗe ta. Karin magana ɗaya ko biyu sun wadatar, fiye da haka tafinta zai sha wahala, baƙi kuma su ɓace a hanya.

7. Majigi da kayan aiki

Hotunan majigi ba wajibi ba ne, amma ga mai zane ko mai ɗaukar hoto ko mai fim gani ya kori ji. Kada su wuce takwas zuwa goma, kowane da hoto ɗaya ko lamba ɗaya da manyan haruffa waɗanda na layin baya zai iya karantawa. Ka adana su iri biyu, PowerPoint da PDF, a filash biyu, ka kuma tura wa kanka ta imel. Dalilin PDF shi ne haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su koma akwatuna a kwamfutar da ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi, kuma abin kunya ne mai magana kan al'ada ya nuna Hausa a gurgunce a kan allo. Idan da kwamfutarka za ka zo, ka taho da caja da kebul na HDMI da mahaɗin da ya dace da ita. Bidiyo kuwa ka sauke shi tun daga gida, kada ya wuce minti ɗaya da rabi, kada kuma ka dogara da intanet na zaure.

Gargaɗi: kada ka nuna zane ko hoto ko waƙar wani ba tare da izininsa da ambaton sunansa ba. A taron da rabin mahalartansa ke kukan satar fasaha, babu kuskuren da ya fi wannan zubar da mutunci. Sannan ka shirya yadda za ka ci gaba idan an ɗauke wuta, saboda tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta da sake kunnuwar majigi mintoci ne ke tafiya, kuma agogon shugaban zama ba ya tsayawa. Ka buga jawabin a takarda da manyan haruffa, ka sa wa shafukan lamba.

8. Lissafin kuɗi

Ka yi kasafi kamar kai ne za ka biya komai, ko da an yi alkawarin mayar maka, domin a mafi yawan lokuta alawus da kuɗin mota bayan taro suke fitowa, wani lokaci bayan makonni. Abubuwan da za ka lissafa su ne mota zuwa da dawowa, zirga-zirgar cikin gari, masauki na dare ɗaya ko biyu idan daga nesa kake, buga jawabi da kwafi talatin zuwa hamsin na shafin da za ka raba, data da katin waya, da abinci idan ba a tanada ba. Ka tambayi farashi a makon taron, ka ƙara wani abu a kai saboda abin da ba a zata ba, ka kuma adana kowane rasit, domin mai biyan kuɗi a ofis da takarda yake aiki. Tambayar ko akwai ladan jawabi ba rashin kunya ba ce, musamman ga wanda zai rufe shagonsa ko ya bar wurin ɗaukar fim na kwana biyu, amma a mataki na farko ake yin ta cikin ladabi, ba a bakin zaure bayan an tashi ba.

9. Gwaji

Ka karanta jawabin da babbar murya, a tsaye, da agogo a gabanka, aƙalla sau uku a ranaku daban-daban. Karo na farko kai kaɗai, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, za ka ji inda numfashi ke yankewa da kalmar da kake yawan maimaitawa. Karo na biyu a gaban wanda bai san harkar ba, bayan ka gama ka tambaye shi abin da kake nema a yi. Idan ya kasa faɗa, ka koma mataki na uku. Karo na uku a gaban abokin sana'a mai tsage gaskiya, ka roƙe shi ya yi maka tambayoyi mafi zafi da zai iya. Duk gwajin da ya wuce lokaci, yanke rubutu za ka yi, ba ƙara saurin baki ba.

10. Ranar taro

Mai zuwa daga Abuja ta jirgin ƙasa ya tuna cewa a Rigasa tashar take, kuma daga can zuwa tsakiyar gari wata tafiyar ce, don haka ya fi kwanciyar hankali ya kwana a Kaduna. A lokacin hunturu ƙura takan jinkirta jiragen sama ta kuma busar da maƙogwaro, sai a riƙe ruwa marar sanyi a kusa. Ka isa zaure awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta, ko da ka san ba za a fara a kan lokaci ba, ka nemi mai kula da na'urori ku gwada hotunanka da makirufo tare, ka gai da shugaban zama ka tambaye shi alamar da zai yi maka idan lokaci ya kusa. Ka zauna ka saurari waɗanda suka riga ka, domin idan wani ya faɗi abin da ka shirya faɗa, sai ka ce ka goyi bayansa ka tsallake wannan sashen, ka samu ƙarin minti. Idan zamanka ya faɗo dab da sallar Azahar, ko ranar Juma'a kafin masallaci, ko bayan cin abincin rana, ka san cewa hankalin jama'a ya rabu, sai ka ɗauki gajeren tsarin jawabinka, wanda ya kamata ka riga ka yi wa alama a takarda da jan biro.

11. Tambayoyi

Ka riƙe biro ka rubuta kowace tambaya, domin yawanci uku ko huɗu ake tarawa kafin a ba ka dama. Za a samu wanda zai tashi da sunan tambaya ya yi nasa jawabin, wannan ka gode masa, ka ɗauki gaɓa ɗaya daga maganarsa ka amsa. Idan babba ne ya yi maka gyara kuma yana da gaskiya, "Ranka ya daɗe, na karɓi gyara" ta wadatar. Idan kuma kai ne a kan daidai, ka maimaita hujjarka sau ɗaya cikin ladabi ka bar ta nan. Abin da ba ka da amsarsa a lokacin, ka ce za ka bincika ka aiko, ka kuma karɓi lambar mai tambayar.

Gargaɗi: kada ka kama sunan wani mutum ko wata ƙungiya da zargi a kan makirufo, ko da an tunzura ka. Magana zarar bunu ce, balle yanzu da wayoyi ke ɗauka, kuma guntun bidiyo na daƙiƙa talatin ba ya tafiya da bayanin da ya gabace shi.

12. Bayan an tashi

Kafin ka bar zaure ka nemi mai rubuta rahoton taro ka miƙa masa shafin nan ɗaya, ka nuna masa jimlar bukatarka, domin daga rubutunsa ake fitar da sanarwar bayan taro, kuma abin da bai shiga sanarwar ba da wuya wani ofis ya sake waiwayarsa. Idan 'yan jarida sun tare ka, jimlar nan dai za ka maimaita musu da Hausa da Turanci. Cikin kwana biyu ka aika saƙon godiya ga masu shirya taro tare da rasit ɗinka da lambar asusunka, ka aika wa waɗanda ka yi wa alkawarin amsa, sannan ka rubuta wa jami'i ko shugaban da bukatarka ta shafa takarda a hukumance, mai ɗauke da sunan taron da ranarsa, kana neman ganawa. Ka kai takardar da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka rubuta a kalandarka ranar da za ka koma bibiya bayan mako biyu.